BAYANI: Injin zarto na hannu, yadda ake saita shi da abin da kafintocin Birnin Kudu da Gwaram ya kamata su kiyaye

A farkon kowace damina, idan iska mai ƙarfi ta kware rufin gidaje da ajujuwa a garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, kafinta ne ake fara nema. Bayan kaka kuma, sa'ad da manoma suka sayar da amfanin gona aka shiga hidimar aure, aikin gado da kabad da kujeru yakan yi wa shagunan kafintoci yawa. A waɗannan lokuta biyu ne injin zarto na hannu mai aiki da lantarki ya fi shan aiki, domin katakon da zarton gargajiya zai ɗauki mintuna yana ci, shi cikin daƙiƙoƙi yake raba shi.

Wannan saurin shi ne ribar injin, shi ne kuma haɗarinsa. Faifan zarto mai faɗin milimita 185 yakan juya kimanin sau 5,500 a minti ɗaya, wato bakinsa yana gudun kusan kilomita 190 a cikin sa'a. Idan faifan yana da haƙora 24, haƙori 2,200 ne ke wucewa ta wuri guda a kowace daƙiƙa. Mutum kuwa yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin ya ga haɗari ya janye hannunsa, kuma kafin nan haƙora fiye da 500 sun riga sun wuce. Saboda haka zafin nama ba ya tserar da kowa. Abin da ke tserar da yatsu shi ne shirin da aka yi tun kafin a kunna injin.

Asalin injin da sassansa

A Amurka aka ƙirƙiro wannan inji. Wani mai suna Edmond Michel, mazaunin birnin New Orleans, shi ya fara haɗa ƙaramin injin lantarki da faifan zarto a farkon shekarun 1920, sannan a 1924 shi da abokin kasuwancinsa Joseph Sullivan suka kafa kamfanin da daga baya aka sani da suna Skil. A yau kamfanoni irin su Makita da Bosch da DeWalt da Ingco suna ƙera shi, kuma kusan duk siffarsu ɗaya ce.

Sassan da ya wajaba mai aiki ya sani su ne: faifan zarto, farantin ƙasa wanda ke zama a kan katako, murfin sama wanda ba ya motsi, murfin ƙasa wanda ke buɗewa da kansa idan injin ya shiga katako, ya koma ya rufe haƙora idan ya fito, mariƙi biyu, na baya mai ɗauke da makunni da na gaba, sai maɗauri biyu, ɗaya na saita zurfin yanka, ɗaya na karkata faifan. Wasu injinan suna da wani siririn ƙarfe a bayan faifan, wanda aikinsa shi ne hana tsagin da aka yanka ya rufe ya matse zarton. Wanda injinsa ya zo da wannan ƙarfe kada ya cire shi.

Girma biyu aka fi gani. Mai faifan milimita 185 yana yanka kaurin kusan milimita 65, wanda ya isa katakon rufi na 2x2 da 2x3 da 2x4 da falanki. Mai faifan milimita 235 yana kaiwa kusan milimita 85, amma ya fi nauyi, ya fi cin wuta, kuma ya fi wuyar sarrafawa ga wanda bai ƙware ba.

Abin lura wajen saye

Yawancin kayan aikin da ke shiga kudancin Jihar Jigawa daga kasuwannin Kano suke fitowa, irin su Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, kuma a can sabo da na gwanjo, na asali da jabu, duk a jere suke. Abu na farko da za a duba shi ne ƙaramin allon da ke jikin injin. Wutar Najeriya mai ƙarfin volt 230 ce. Injin gwanjo da aka ƙera domin Amurka na volt 120 ne, idan aka jona shi kai tsaye ƙonewa zai yi, watakila yana hannun mai shi.

Na biyu shi ne murfin ƙasa. A ja shi baya da hannu a sake shi. Idan bai koma nan take ya rufe haƙora ba, ko yana maƙalewa a hanya, injin bai cancanci aiki ba sai an gyara. Na uku, a duba ko farantin ƙasa ya lanƙwashe, ko faifan yana rawa a kan sandarsa, ko wayar tana da tsagewa. Alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikin allon tana nufin injin yana da rufin kariya biyu daga kamun lantarki.

Shi ma faifan yana da nasa sharuɗɗan. Ramin tsakiyarsa dole ya yi daidai da sandar injin, domin akwai na milimita 16 da 20 da 25.4 da 30, kuma faifan da raminsa ya yi wa sanda yawa zai riƙa juyawa a karkace. Adadin juyawar da aka rubuta a jikin faifan kada ya gaza na injin. Mai haƙora 24 ya fi dacewa da tsaga katako ta tsawonsa, mai 40 zuwa 60 kuma da yanka ta faɗi da kuma filawud. Faifan da ya dakushe, ko ya tsage, ko haƙoransa suka zube, ya gama aiki. Ci gaba da amfani da shi tattali ne da ke ƙarewa a asibiti.

Wutar lantarki da janareta

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, amma shagon kafinta da wurin gini sun fi dogara da janareta. Injin zarto mai faifan milimita 185 yakan ci wat 1,200 zuwa 1,800, kuma a daidai lokacin da aka kunna shi yana jan ninki biyu ko uku na abin da yake ci yana cikin aiki. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba bai isa ya ɗauke shi ba. Ana buƙatar wanda ƙarfinsa ya kai kusan ninkin na zarton. Idan wuta ta yi rauni, faifan yana rage gudu, injin ya yi zafi, kafinta kuma ya ƙara dannawa, wanda hakan ke kai ga maƙalewa.

Doguwar wayar jona wuta ta kasance mai kaurin aƙalla milimita murabba'i 1.5, idan da nisa kuwa 2.5. A warware ta gaba ɗaya daga naɗinta domin kada ta yi zafi. Cusa tsirarun wayoyi cikin soket a tokare da tsinke, ko ɗaure tsinkakkiyar waya da leda, hanya ce ta kamun lantarki, musamman da damina idan ƙasa ta jiƙe. Akwai na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mutum, wadda ake kira RCD, mai ma'aunin miliamfiya 30. Sanya ta a tsakanin janareta da injin yana iya zama abin da zai ceci rai. Janaretan kansa a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa a rufaffen ɗaki. A kuma nisanta garin katako daga fetur da bakin salansa.

Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, a saki makunni, a zare fulogi, sannan a fitar da faifan daga katako. Wanda ya ɗaure makunni da roba domin ya huta da dannawa ya shirya wa kansa injin da zai tashi shi kaɗai idan wuta ta dawo.

Saita injin kafin aiki

Duk saitin da za a yi, a yi shi bayan an zare fulogi, ko an cire batir ga mai batir. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba.

Wajen ɗaura faifai, kibiyar da ke jikinsa ta fuskanci inda kibiyar da ke kan murfin injin ta nuna. Haƙoran gaba suna tasowa ne daga ƙasa zuwa sama, shi ya sa ake kife kyakkyawar fuskar filawud ƙasa, domin ta sama ce ke tsattsagewa. A danna abin da ke tsayar da sanda, a ɗaure noti da sifanar da ta zo da injin, sannan a tabbatar an cire sifanar.

Zurfin yanka shi ne saitin da aka fi yin sakaci da shi. A ɗora farantin a gefen katakon, a sauke faifan har sai abin da ya leƙo ta ƙasa bai kai tsawon haƙori guda cikakke ba, wato kamar milimita 3 zuwa 6. Barin faifan a iyakar zurfinsa domin gudun sake saiti yana barin haƙora masu yawa a fili a ƙarƙashin katako, inda ido ba ya gani, yana kuma ƙara ƙarfin harbi idan ya maƙale. Bayan saiti a ɗaure maɗauran biyu tamau.

Katakon da za a yanka ya zauna a kan benci ko matokarai masu ƙarfi, a matse shi da abin matsewa ko a kafe shi. Ba a riƙe katako da hannu ɗaya a yanka da ɗayan, ba a ɗora shi a cinya, ba a take shi da ƙafa a kan bulo. Jijiyar jini babba tana bi ta cikin cinya, idan aka yanke ta mutum yana iya rasa ransa cikin 'yan mintuna.

Harbin baya

Mafi munin abin da ke faruwa da wannan inji shi ne harbin baya. Idan tsagin da ake yankawa ya rufe ya matse faifan, ko faifan ya karkace a cikinsa, haƙoran baya suna kama saman katako, sai injin ya fito da ƙarfi ya yo kan mai riƙe da shi. Kamar harbin jaki yake, ba ya sallama.

Babban abin da ke jawo shi shi ne yadda aka tokare katako. Idan aka ɗora falanki a kan matokarai biyu, ɗaya a kowane ƙarshe, aka yanka a tsakiya, nauyinsa zai sa ya lotsa ya danne faifan. Daidai shi ne a tokare ɓangaren da za a ajiye, a bar guntun da za a cire ya faɗi da kansa ta waje. Faffaɗan filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 kuwa yana buƙatar matokarai a ƙarƙashinsa ta ɓangarorin biyu, kusa da layin yanka da kuma kusa da gefuna.

Sauran dalilan su ne dakusasshen faifai, ɗanyen katako ko jiƙaƙƙe, kulli a jikin itace, ƙusa da ta ɓuya, da yunƙurin juya injin a tsakiyar yanka domin a dawo kan layi. Wanda ya kauce wa layi ya tsaya, ya fito, ya sake farawa.

Yadda ake yanka

A riƙe injin da hannu biyu. A tsaya a gefe, yadda jiki ba zai kasance a saitin faifan ba, waya kuma ta bi ta bayan kafaɗa nesa da layin yanka. A ɗora gaban farantin a kan katako ba tare da haƙora sun taɓa shi ba, a kunna, a jira faifan ya kai cikakken gudunsa, sannan a tura a hankali. Sautin injin yana faɗa wa mai aiki gaskiya: idan ya fara nishi, ko hayaƙi ya tashi, an matsa masa ko faifan ya mutu. Domin yanka mai tsawo, a yi amfani da majinginar da ta zo da injin ko a kafa miƙaƙƙen katako ya zama jagora.

Idan faifan ya maƙale, a saki makunni, a riƙe injin a inda yake har sai ya tsaya cak. Ba a jan sa baya yana juyawa. Kafin a sake kunnawa a daidaita faifan a tsakiyar tsagin, a tabbatar haƙora ba su kama katako ba. Idan an gama, a duba murfin ƙasa ya rufe kafin a ajiye injin, domin faifan yana ci gaba da juyawa na wasu daƙiƙoƙi bayan an kashe, kuma idan ya taɓa ƙasa a buɗe zai yi tafiya da baya ya yanki duk abin da ya tarar, ko waya ce ko ƙafa. Wannan ne ya sa ɗaure murfin da waya ko tokare shi da tsinke, domin a riƙa ganin layi sosai, yake cikin mafi haɗarin ɗabi'u a sana'ar.

Tufafi ma suna da muhimmanci. Babbar riga, da hannun kaftani mai faɗi, da rawani, da carbi a wuya ko a hannu, duk faifan yana iya fizgar su. Safar hannu mai sako-sako ita ma haka, amfaninta yana wajen canza faifai da ɗaukar katako. Takalmi rufaffe ya fi silifa.

Katakon da ake samu a yankin

Katakon gini da na kayan ɗaki yawanci daga dazuzzukan kudancin ƙasar nan yake zuwa, ya sauka a manyan kasuwanni irin su 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, kafin ya isa ƙananan garuruwa. Sau da yawa yakan iso bai gama bushewa ba, kuma irinsa ne ke rufe tsagi a bayan faifai. Itatuwan gida kamar maɗaci da darbejiya da turare suna yankuwa idan sun bushe an kuma fafe su sun zama falanki. Ƙirya da marke suna da tauri ƙwarai, suna dakusar da faifai da wuri. Gungumen itace da itacen girki kuwa ba aikin wannan inji ba ne, domin farantinsa yana buƙatar shimfiɗaɗɗen wuri, kuma zagayayyen itace yana mirginawa.

Katakon da aka ciro daga tsohon rufi ko daga allon zuba kankare yana ɗauke da ƙusoshi da siminti da yashi. A bincika shi a cire su tukuna. A aikin rufi kuma, a auna a yanka a ƙasa sannan a miƙa sama. Yanka a kan tsani, ko a tsaye a kan katakon rufi da hannu ɗaya, haɗa haɗarin zarto ne da na faɗowa.

Giranda ba zarto ba ce

Akwai masu ɗaura faifan zarton katako a jikin giranda, wato injin da masu walda ke yanka ƙarfe da gurza shi, saboda ta fi araha kuma tana hannu. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa kimanin sau 11,000 a minti, ninki biyu na injin zarto. Ba ta da farantin da zai zauna a kan katako, ba ta da murfin da ke rufe haƙora da kansa, kuma hannun mai riƙe da ita yana dab da faifan. Idan ta yi harbi, fuska da wuya da hannu take nufa. Masu ƙera giranda da kansu sun hana wannan a takardun da ke zuwa da ita.

Ƙura da ƙara

Ba kowace illa ce ke zuwa da jini ba. A 1995, hukumar binciken cutar daji ta IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci. Tana kuma tayar da asma. Allunan MDF da ake yin kabad da su suna fitar da ƙura mai laushi haɗe da sinadarin gam. Takunkumin N95 ko FFP2 ne ke tare ta, ƙyalle ko hankici ba ya yi. Gilashin kare ido kuma wajibi ne ga mai yanka da mai taya shi.

Ƙarar injin tana kaiwa kusan desibel 100. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka ya ƙayyade desibel 85 ga aikin sa'o'i takwas, a desibel 100 kuwa minti 15 kacal a yini. Kurumtar da ƙara ke jawowa a hankali take shigowa, kuma ba ta warkewa. Abin toshe kunne yana cikin mafi arahar kayan kariya.

Yaran shago da abin da doka ta ce

A sana'ar kafinta yaro yana koyo ne ta hanyar kallon maigidansa, don haka duk ɗabi'ar da ya gani ita zai ɗauka. Bai dace a sa yaro ya riƙe guntun katako kusa da faifai ba, ko ya sa hannu a ƙarƙashi domin tare abin da zai faɗo. Ƙaramin yaro ba ya taɓa injin, babba kuma sai an koya masa, maigida yana tsaye a kansa. Mai jin barci, da wanda gajiya ko ƙishirwar azumi ta galabaitar, da wanda ya sha ƙwayar ƙarin ƙarfi, duk su jinkirta yanka.

Dokar Masana'antu ta Najeriya, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, ta kuma hana a sa mutum aiki da injin da zai iya raunata shi sai an sanar da shi haɗarin, an horar da shi ko ana kula da shi. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke da alhakin sa ido. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa asusun NSITF biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, inda mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da mai koyon sana'a da ɗan aikin wucin gadi. Sai dai shagon da bai yi rajista ba, raunin da aka ji a cikinsa yakan faɗa ne kan aljihun maigida da na iyayen yaro, tare da asarar hannun da iyali ke ci da shi.

Idan tsautsayi ya auku

A zare fulogi tukuna. A danne raunin da tsaftataccen ƙyalle da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da saitin zuciya, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan jini ya jiƙa ƙyallen a ƙara wani a kansa. Ba a zuba baƙin mai ko fetur ko toka ko ƙasa ko garin katako a rauni, domin suna ƙara dagula shi su kawo ƙwayoyin cuta. Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa tsayar da shi, a ɗaure saman raunin tamau da faffaɗan ƙyalle, a riƙe lokacin da aka ɗaure domin a faɗa wa likita.

Idan yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsaftataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan sanyi mai ƙanƙara. Kada yatsan ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi cikin ruwa. A tafi da shi tare da mai raunin, ba tare da an ba shi abinci ba, domin watakila a yi masa tiyata.

Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibitin yankin, kuma nan ya kamata a nufa da mummunan rauni maimakon a tsaya a kemis. Raunin da ya shafi ƙashi ko jijiya ana iya tura shi Kano, zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, tafiyar da ta haura kilomita 100 daga Birnin Kudu, daga ƙauyukan Gwaram kuwa ta fi haka. Kowace sa'a da aka ɓata tana rage damar ceto yatsa. Ko da raunin ƙarami ne, a tambayi ma'aikacin lafiya game da allurar rigakafin tetanus, musamman idan tsohon katako ko ƙusa mai tsatsa na cikin lamarin.